Ƙofar Kulob da Ƙofar Zaure: Waiwaye Kan Wariya a Ƙungiyoyin Zumunta

Gabatarwa

Bahaushe ya ce ɗan'uwa rabin jiki, ya kuma ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Wannan ne ya sa ba a raba shi da ƙungiya. In damina ta kankama ga gayya, in kaka ta yi ga adashi, in aure ko suna ya taso ga biki da gudummawa. Sauran al'ummomin duniya ma haka suke, kowa da sunan da ya laƙaba wa tasa haɗuwar. Sai dai kowace ƙungiya tana da ƙofa, kowace ƙofa kuma tana da mai tsaronta. Tarihin ƙungiya kuwa ba ya cika in an tsaya ga sunayen waɗanda suka zauna a ciki. Tilas ne a haɗa da waɗanda aka mayar daga bakin ƙofa, da hujjar da aka kafa wajen mayar da su.

Manufar wannan maƙala ita ce waiwayen tarihin wariyar launin fata a ƙungiyoyin zumunta na Turawa, musamman yadda ta kasance a Kano zamanin mulkin mallaka, da yadda raɗaɗinta ya kai ga manomin karkarar arewacin Kano wanda bai taɓa ganin ko da shingen kulob ba. Ra'ayina shi ne, duk ƙungiyar da ke riƙe da wani amfani na jama'a, in ta rufe ƙofarta saboda launi ko asali, to ta tashi daga zumunta ta koma rabon arziki a bayan labule. In kuwa malamaina da 'yan'uwana ɗalibai sun yarda da haka, to hukuncin da muka daɗe da yanke wa kulob ɗin Bature ya hau kan duk wani zaure namu da ke tambayar mutum ɗan gidan wane ne kafin a shimfiɗa masa tabarma.

Zumunta Mai Shinge a Ƙasashen Turawa

Daga cikin ƙungiyoyin 'yan'uwantaka na Turawa babu wadda ta kai Firimeson shahara. A 1717 aka kafa babban zaurenta a Landan, daga nan ta bi jiragen fatauci da rundunonin Ingila ta bazu cikin duniya. Kowane reshe yana da zaurensa, da rantsuwarsa, da alamomin da 'yan ƙungiya ke gane juna da su. A baki kuma suna koyar da cewa 'yan Adam duka 'yan'uwan juna ne. Amma da aka zo aiki da wannan koyarwa sai gaskiya ta yi halinta. A birnin Boston na Amurka, wani baƙar fata mai 'yanci da ake kira Prince Hall, shi da wasu 'yan'uwansa, sun shiga ƙungiyar ta hannun wani zaure na sojojin Ingila, amma zaurukan fararen garin ba su jawo su a jika ba. A 1784 babban zauren Ingila ya ba su takardar izinin kafa nasu reshe mai lamba 459, wanda aka sa wa suna Zauren Afirka. Tun daga nan ƙungiya ɗaya ta rabu gida biyu a Amurka, fari da nasa, baƙi da nasa, suna rantsuwa iri ɗaya amma ba su zama a inuwa ɗaya. Sai a 1989 babban zauren jihar Konetikat ya amince da mabiyan Prince Hall amincewa mai ɗorewa, babban zauren Ingila kuma ya biyo baya a 1994. Wato an yi shekaru fiye da 200 ɗan'uwa yana tsaye a bakin ƙofar ɗan'uwansa.

Akwai wani misali da ya fi wannan fito da dabarar fili. A 1968 wani zaure na ƙungiyar Moose a garin Harrisburg ya ƙi sayar wa K. Leroy Irvis abinci da abin sha, alhali shi babban ɗan majalisar dokokin jihar Fensilbeniya ne, kuma wani ɗan ƙungiyar ne ya gayyato shi. Laifinsa kawai shi ne baƙin fata. Magana ta kai Kotun Ƙoli ta Amurka, wadda ta yanke a 1972 cewa ƙungiyar ta masu ita ce, kuma lasin sayar da giya da gwamnati ta ba ta bai mayar da wariyarta aikin gwamnati ba. Mai karatu ya riƙe wannan hujja ta cewa “gidanmu ne, mu ke zaɓen baƙonmu”, domin za mu sake karo da ita a Ikko, mu sake karo da ita a Kano, har ma a ƙauyukanmu.

Yadda Shingen Ya Iso Kano

A gaɓar tekun Afirka ta Yamma lamarin bai fara da tsanani ba. Zauren Firimeson ya isa Ikko tun shekarun 1860, kuma baƙaƙen fata masu ilmin boko, lauyoyi da likitoci da attajirai, sun shiga. Amma da ƙarni na 19 ya zo ƙarshe, mulkin mallaka ya kafu, sai aƙidar fifikon farar fata ta yi ƙarfi. A 1902 aka kafa hukumar likitocin gwamnati ta Afirka ta Yamma, aka shar'anta cewa sai wanda iyayensa Turawa ne zai shiga, ko da kuwa baƙin likitan a Ingila ya yi karatu tare da farin. A cikin irin wannan yanayi ne wani limamin cocin Angilika, T. A. J. Ogunbiyi, ya kafa sabuwar ƙungiyar Ogboni a Ikko a 1914, wadda ta zama wa 'yan bokon Yarabawa zauren 'yan'uwantaka na kansu.

A nan Arewa kuwa, zauren da ya fi tasiri a rayuwar Turawa shi ne kulob. Bayan sun ci Kano a watan Fabrairu na 1903, sai suka yi mazauni a gabashin ganuwa, wajen Nasarawa da Bompai. Dokar tsara garuruwa ta 1917, wadda Gwamna Lugga ya kafa, ta tabbatar da abin da aka riga aka fara: a ware wa Turawa unguwarsu, a bar fili fetal mai faɗin yadi 440, wato rubu'in mil, tsakaninta da mazaunin 'yan ƙasa. Hujjar da aka bayar ita ce kiwon lafiya, wai kada sauro ya ɗauko zazzaɓi daga jikin 'yan ƙasa ya kai wa Bature, da kuma tsoron gobara da hayaniyar kiɗa. Abin mamaki a nan shi ne, dokar ta yarda kuku da boyi su kwana a bayan gidan maigidansu. Ashe sauron ma ya san wanda ke wa Bature aiki, ba ya cizonsa.

Haka aka yanka Kano gunduwa-gunduwa. Birni na Kanawa ne ƙarƙashin Sarki, Sabon Gari da aka kafa a 1913 na baƙin da suka zo daga Kudu da sauran ƙasashen gaɓar teku, Kwarori suna gefen Fage da kantunansu, Turawa kuma suna can cikin itatuwa. A tsakiyar rayuwar unguwar Turawa akwai kulob, kamar yadda yake a Kaduna da Zariya da Jos. Nan ake wasan ƙwallon gora da na tanis, nan ake shaye-shaye da hirar yamma, nan ake karanta jaridun da suka zo daga Ingila. Hanyar shiga ita ce wani ɗan kulob ya gabatar da mutum, wani ya mara masa baya, sa'an nan a jefa ƙuri'a a asirce. Irin wannan tsari ba ya bukatar a kafa allo a ƙofa a rubuta cewa ba a son baƙi, domin babu mai gabatar da su balle a kai ga ƙuri'a. Ɗan ƙasa yana shiga kulob kullum, amma da tire a hannu ko da jakar sandunan wasa a kafaɗa. Kwarori ma, duk da hasken fatarsu da dukiyarsu, ba a ɗauke su tsarar Ingilishi ba, su ma suka kafa nasu kulob a Kano. Gaskiya ne an yi wasan folo tare, har Sarkin Katsina Usman Nagogo ya yi fice a cikinsa fiye da Turawa da yawa. Amma haɗuwa a filin sukuwa daban, zama ɗan ƙungiya mai ƙuri'a da bakin magana daban.

Ina Ruwan Manomin Ɗambatta?

Mai karatu zai iya cewa, to ina ruwan manomin Ɗambatta ko Makoɗa ko Kunci da inda Bature ke shan iskarsa? Amsar tana cikin buhun gyaɗa.

Ƙasar da ta kewaye birnin Kano, daga Ungogo da Minjibir zuwa Dawakin Tofa da Bici, tana cikin yankunan karkara mafi cikar jama'a a Afirka ta Yamma. Mortimore da Wilson sun yi nazarinta a littafinsu na 1965, suka nuna yadda gona ke haɗe da gona ba a barin saura, ana noma ta shekara da shekaru da ƙarfin taki, jakuna suna kai itace da amfanin gona birni suna dawowa da shara da toka. Waɗannan manoma ne suka ɗaga Kano a idon duniya. Da hanyar jirgin ƙasa ta iso a 1911, Turawa auduga suka sa rai, amma manomi ya yi lissafinsa ya ga gyaɗa ta fi, ga kuɗi ga harawa, in kasuwa ta ƙi kuma a ci. A 1913 gyaɗar da aka fitar daga Nijeriya ta haura tan 19,000, akasarinta daga ƙasar Kano. Daɗin daɗawa ga haraji da aka ce sai da kuɗin Bature za a biya, ga malaman taki suna auna gonaki. Saboda haka manomi ba shi da zaɓi sai ya kai gyaɗarsa sikeli da kaka, a lokacin da kowa ke kaiwa.

Daga sikeli gyaɗa ta bi hannun dillali zuwa attajiri, daga attajiri zuwa kamfani, daga kamfani zuwa jirgin ƙasa, sai Ikko, sai Ingila. A saman wannan tsani kamfanonin Turawa ne: UAC, wanda aka kafa a 1929 da haɗewar Kamfanin Neja da wani babban kamfani, da John Holt, da G. B. Ollivant, da Paterson Zochonis, da kamfanonin Faransa CFAO da SCOA. Masanin tattalin arziki P. T. Bauer ya bayyana a littafinsa na 1954 yadda waɗannan kamfanoni suka riƙa ƙulla yarjejeniya a tsakaninsu, su raba kasuwa, su daidaita farashin saye don kada su yi gasa. Ya kuma kawo labarin Saul Raccah, ɗan kasuwar da ya zo Kano daga Tarabulus, wanda ya kutsa cinikin gyaɗa a ƙarshen shekarun 1930 ba da yardarsu ba, kutsawar da ta nuna irin ribar da suke ci a ɓoye. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya zo, gwamnati ta karɓi sayen amfanin gona, ta raba wa kamfanoni kaso gwargwadon abin da kowa ya saba saya a baya, wato wanda ya riga ya ƙoshi aka ƙara wa.

Ba ina cewa a kan teburin kulob ɗin Kano ake yanke farashin gyaɗa ba. Wannan a ofisoshin Landan da Libaful da Ikko ake yinsa. Sanin kowa ne kuma cewa su kansu Turawan akwai girman kai a tsakaninsu, jami'in mulki yana yi wa ɗan kanti kallon na ƙasa. Duk da haka a duba waɗanda ƙofar ta tara a wuri ɗaya kowace yamma: Razdan da Di'o, manajan banki, jami'in jirgin ƙasa, Baturen gona, da wakilan kamfanoni. A hannun waɗannan mutane rancen banki yake, da taragon ɗaukar kaya, da fegin kafa kanti, da lasin. Wanda ke zama da su yana jin labari kafin ya fito, ana saninsa, ana amince masa, kukansa yana isa kunne ba tare da tafinta ba. Wanda ke waje kuwa sai ya rubuta takarda ya jira a baranda. Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, ya zama babban mai saya wa Kamfanin Neja da UAC gyaɗa, ya kuma tara dukiyar da ta fi ta yawancin Turawan da ke Kano nesa ba kusa ba, amma ƙa'idar ƙofar ba ta duba dukiya. In haka ta kasance ga Ɗantata, ina ga wanda ya ɗauro buhu biyu a kan jaki daga Minjibir? Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Wani zai ce, me Musulmi zai nema a gidan giya tun farko? Wannan hanzari ne mai ƙarfi, kuma babu shakka da yawa daga iyayenmu ko an buɗe musu ba za su shiga ba. Amma akwai bambanci tsakanin mutum ya ƙi abu don addininsa da a hana shi don fatarsa. Na farko mutunci ne, na biyu ƙasƙanci. Bugu da ƙari, ɗan Sabon Garin da ke shan giyar ma ba a buɗe masa ba. Ashe ba giyar ake karewa ba, zaman ake karewa, da abin da zaman ke haifarwa.

Yadda Ƙofar Ta Buɗe

Ƙofar ba ta buɗe don tausayi ba. Waɗanda aka bari a waje ne suka kafa nasu zauruka, daga nan suka yi ta bugun ta. A 1943 aka kafa Island Club a Ikko, inda baƙi da fari ke zama tare, Sir Adeyemo Alakija yana cikin jagororinsa. A daidai wannan lokaci a Bauci, Malam Sa'adu Zungur da Malam Aminu Kano da Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa suna cikin wata ƙungiyar muhawara inda 'yan boko ke yi wa jami'an mulki tambayoyin da ba a saba yi musu ba. A 1947 wani otel a Ikko mai suna Bristol ya hana Ivor Cummings ɗaki. Shi kuwa jami'i ne daga Ofishin Mulkin Mallaka na Landan, ubansa ɗan Saliyo ne, uwarsa Baturiya, kuma an ba abokin tafiyarsa Bature ɗaki ba gardama. Jaridu da 'yan kishin ƙasa suka tayar da ƙura, har Gwamna Arthur Richards ya ba da sanarwar hana wariya a wuraren jama'a. Aka canza wa asibitin Turawa na Ikko suna, unguwannin Turawa kuma suka koma unguwannin ma'aikatan gwamnati. Kulob kuwa, da yake ana ɗaukarsa gidan masu shi ne, ya fake da waccan hujja da muka gani a Amurka, bai saki jiki ba sai da mulkin kai ya ƙarato. A Kano, kafa NEPU ranar 8 ga Agusta 1950 ya ba talaka, na birni da na ƙauye, zauren da ba a tambayarsa asali kafin ya yi magana.

Bayan 1960 fuskokin da ke cikin kulob sun sauya. Sharaɗin launi ya faɗi, sharaɗin kuɗin shiga da matakin albashi da sanayya ya tsaya da ƙafarsa. Gwamnatin soja ta hana ma'aikatanta shiga ƙungiyoyin asiri a 1977, saboda zargin cewa ana amfani da su wajen karkatar da shari'a da ƙarin girma. Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowa 'yancin kafa ƙungiya a sashe na 40, ya cire ƙungiyar asiri daga kariyar 'yancin addini a sashe na 38, sa'an nan a sashe na 42 ya hana a tauye wa ɗan ƙasa wani haƙƙi saboda ƙabilarsa ko addininsa ko yanayin haihuwarsa. Wannan magana ta yanayin haihuwa ita ce ta dawo da mu gida.

Laifi Tudu Ne

Bahaushe ya ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Tun kafin Bature ya zo muna da namu shinge, wanda ba a launin fata ya dogara ba, a asali ya dogara. A arewa da birni kaɗan, cikin ƙasar Ungogo, akwai Fanisau, inda matafiyin nan Clapperton ya gana da Sarkin Kano Ibrahim Dabo a 1824. Mohammed Bashir Salau ya nuna a littafinsa na 2011 yadda garin ya kasance cibiyar gandayen sarki da na attajirai, waɗanda bayi ke nomawa. Irin waɗannan gandaye da rinjoji sun warwatsu cikin karkarar Kano. Sanarwar Turawa ta 1901 ta ce duk wanda aka haifa bayan 31 ga Maris na shekarar ɗa ne, amma ba a soke bauta ɗungurungum a Arewa ba sai 1936. Tsakanin waɗannan shekaru mutane da yawa da guminsu suka fanshi kansu, suna biyan murgu suna tara kuɗin fansa. Doka ta goge sunan bawa daga takarda, amma ba ta goge shi daga bakin tsofaffi ba, kuma kowa ya san lokacin da ake tono shi: ranar da aka zo neman aure, ko ranar da ake neman wanda zai shugabanci jama'a.

Haka kuma batun sana'a. M. G. Smith ya yi bayani a 1959 kan yadda Hausawa ke jera mutane bisa sana'ar gado, masu sarauta da malamai da fatake a sama, mahauta da makaɗa da maroƙa a ƙasa, da yadda ake bambanta ɗan gado da shigege. Ga kuma Bamaguje da ke maƙwabtaka da mu tun kaka da kakanni, ga Bafillatanin ruga da shanunsa ke ba gonakinmu taki, ga wanda kakansa ya zo cin rani ya zauna, har yau ana ce wa jikansa baƙo.

Sa'an nan a duba ƙungiyoyin da ke ƙauyukanmu a yau: ƙungiyar cigaban gari, ƙungiyar manoma, ƙungiyar masu noman rani a bakin madatsun ruwa, kwamitin makaranta, 'yan sintiri. Waɗannan sun wuce wurin hira. Ta hannunsu takin gwamnati ke zuwa, da iri, da rance, da injin ban ruwa. Su ake tambaya sunayen waɗanda za a ba tallafi, su ke zuwa gaban shugaban ƙaramar hukuma da sunan gari. Da yawa daga cikinsu suna aiki tsakani da Allah. Amma duk wanda ya tashi a karkara ya san akwai inda ba a rubuta komai a takarda ba, kuma ba a taɓa gabatar da ɗan mahauci a matsayin ma'aji ba, ba a taɓa tunawa da unguwar Maguzawa ranar rubuta sunaye ba, ba a taɓa kiran mutanen ruga taro ba sai in shanu sun yi ɓarna. Wannan ita ce dabarar kulob ɗin Bature ba ragi ba ƙari: ba a kori kowa ba, ba a dai gabatar da shi ba.

Masanin nan Abner Cohen ya ba mu madubi mai kyau a nan, domin ya yi nazarin ɓangarorin biyu. A littafinsa na 1969 ya nuna yadda Hausawan Sabo a Ibadan suka rungumi ɗariƙar Tijjaniyya a farkon shekarun 1950, suka ware masallacin Juma'arsu, abin da a ganinsa ya taimaka musu wajen riƙe cinikin goro da na shanu a hannunsu. Daga baya ya nuna yadda Kiriyo na Firitawun a Saliyo suka yi tururuwa zuwa zaurukan Firimeson don kare muƙamansu a lokacin da mulki ke komawa hannun mutanen cikin ƙasa. Ko mutum bai yarda da duk fassararsa ba, darasin a fili yake. Rufe ƙofa don kare abin hannu hali ne na ɗan Adam, baƙi da fari. Abin da ya bambanta Bature shi ne ya zo da bindiga da doka suka tsaya masa.

Hanzari Ba Gudu Ba

Akwai masu cewa ai kowa yana da ikon zaɓen abokin zamansa. Haka ne. Ba wanda zai tilasta wa mutum abokin cin tuwo ko abokin adashi, domin adashi amana ce tsakanin waɗanda suka san juna. Iyakar tana nan: ranar da ƙungiya ta karɓi buhun taki ɗaya da sunan gari, ko ta tsaya gaban hukuma ta ce ita ce bakin jama'a, to ta daina zama ta masu ita. Daga ranar duk mazaunin garin yana da haƙƙi a kanta.

Akwai kuma masu cewa wannan tonon silili ne, a bar kaza cikin gashinta. Amsata ita ce, wanda abin ya shafa bai manta ba, shiru kawai ya yi. Gyara kayanka kuwa ba ya zama sauke mu raba. Addinin da yawancinmu ke bi ya riga ya yanke cewa fifiko yana ga tsoron Allah, kuma sahun salla yana nuna haka sau biyar kowace rana, inda ɗan sarki ke haɗa kafaɗa da ɗan mahauci. Abin tambaya shi ne me ya sa daidaiton ke ƙarewa a ƙofar masallaci.

Saboda haka ina ba da shawara uku. Ta farko, duk ƙungiyar da ke karɓar wani abu da sunan jama'a ta rubuta sharuɗɗan shigarta a fili, su tsaya ga zama a garin da yin sana'ar da biyan kuɗin ƙungiya, a kuma karanta sunayen masu cin gajiya a bainar jama'a. Ta biyu, ƙananan hukumomi da hukumomin aikin gona su duba rajistar ƙungiya kafin su miƙa mata kaya, su tambayi unguwar da ba su ga sunanta ba. Ta uku ta shafe mu kai tsaye, mu ɗaliban Hausa. Harshenmu ya adana wannan tarihi duka. Kalmomin bariki da ɗan bariki da boyi suna ɗauke da hoton unguwar Turawa da yadda mutanen gari suka kalli masu yi mata hidima. Kalmomin ɗa da bawa da bacucane da shigege da bare da ɗan asali suna ɗauke da hoton namu shingen. Ya kamata wasunmu su ɗauki waɗannan a matsayin batun kundin digiri, su shiga ƙauyuka su zauna da tsofaffin da suka ga zamanin sikeli da dalar gyaɗa, da waɗanda iyayensu suka yi aikin gidan Bature, a rubuta abin da suka sani cikin mutunci da sakaya suna, tun ƙasa ba ta rufe idonsu ba.

Kammalawa

Wannan maƙala ta bi sawun wariya daga zauren Firimeson na Boston zuwa kulob ɗin Turawa na Kano, ta nuna yadda rufe ƙofa a Bompai ya shafi aljihun manomi a Ɗambatta, da yadda ƙofar ta buɗe bayan an daɗe ana bugun ta. Ta kuma nuna cewa dabarar da aka yi amfani da ita, wato a bar ƙa'ida ba a rubuce ba a kuma ce gida na masu shi ne, tana nan da ranta a wasu zaurukanmu. Iyayenmu da suka yi gwagwarmayar sawaba sun ƙi yarda a auna su da launin fatarsu, kuma muna alfahari da su a kan haka. Cikar wannan alfahari ita ce mu ma mu daina auna maƙwabcinmu da sana'ar kakansa ko hanyar da kakan ya bi ya zo garin. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma shi ya kamata ya hau ya toshe tun damina ba ta yi nisa ba.